Gangar Dokta Sambo

Talata, 14 ga Maris, 1978

Yau Farfesa, shugabanmu, ya karanta sunayen sabon kwamitin editoci. Shekara huɗu ina riƙe da mujallarmu ta tattalin arzikin man fetur, ko "sannu da ƙoƙari" ban samu ba. Kujerata ya ba Dokta Sambo, wanda bara ya dawo daga Ingila. Sambon har da dafa mini kafaɗa, wai, "Malam Idi, ka huta, yanzu mu za mu buga gangar."

Da yamma na biya maɗaba'a a Gada Biyu. Baba Gyang mai jera haruffa ya turo mini shafukan gwaji.

"Oga, dubi jadawalin nan, bai kwanta mini ba."

Maƙalar Sambo ce. Ya sa farashin tan guda na mai a gurbin na ganga ɗaya, kuskuren ninki bakwai! Jan birona yana aljihu. Na taɓa shi, na ƙyale shi.

Na ce, "Baba, sunana yana shafin farko?"

Ya ce, "An cire."

Na ce, "To, buga."

Na yi istigfari bayan isha'i, amma wallahi zuciyata fes. Juma'a mujalla za ta sauka teburin manya a Legas. Ganga ya ce zai buga. To, su ji ta da kyau.