Kwana Biyu Ne Zuwa Tungar Wada

Tsamaye, ƙasar Sabon Birni,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Jibrilla, a Shagamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake zaune cikinsu. Allah Ya tsare ka daga zazzaɓin kurmi, Ya sa albarka ga dakon goron da kake yi. Halliru tela ne ke rubuta mani, na kuwa gaya masa kada ya gyara mani magana ko ɗaya. Yadda ta fito daga bakina, haka za ta iske ka.

Mu dai muna nan da rai, alhamdu lillahi. Damina ta biyu ke nan ta yaudare mu. Sau uku munka yi shuka, gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rumbun uwarka, Allah Ya jiƙan ta, na share shi har ƙasa. Gwaggonka Kande ta ji sauƙin ƙafar, ita ke dafa mana jar dawar agaji in an samu. Gidan Labbo sun tashi gaba ɗaya, sun toshe ƙofa da ƙaya. Jakina na ƙarshe ya kwanta bai tashi ba. Shekara uku rabona da ganin fuskarka, har yau in mota ta tsaya bakin kasuwa sai na ɗaga kai.

To, ga abin da ya sa na nemi Halliru. Ɗiyarka Uwa ba ta Tsamaye. Gara ka ji daga gare ni kafin masu goro su kai maka shi a karkace.

Ka san tun da kunka rabu da Jamilatu tana gidan ubanta, yarinyar kuma kwana kawai take yi can, wuni kuwa wurina take yi. Da uban ya rasu bara, gidan ya rasa mai tsayawa. Sai wanta Alhassan ya zo daga Tungar Wada, can bayan Shinkafi, inda yake noman fadama, ya ce zai kwashe su. Na ce Jamilatu ta tafi, Allah Ya kiyaye hanya, amma yarinya mai sunan mahaifiyata ba ta barin ƙofar gidan nan. Ya yi mani magana da ladabi har sau uku, ban saurara ba. Ƙarshe dai munka tsaya gaban alƙali a Sabon Birni, ni a madadinka. Abokina Ɗanmusa, wanda munka yi fatauci tare, ya raka ni.

Alƙali ya ce riƙon ɗiya mace na uwarta ne muddin uwar ba ta yi wani aure ba, wannan babu gardama. Amma in za ta ƙaura da ita nesa da dangin uba, nan ne muke da baki. Ya ce littafi ya yanka iyaka, kimanin tafiyar kwana uku ta dabba mai kaya. In nisan ya kai haka, ba ta tafiya da yarinya sai da yardarmu. In bai kai ba, ba mu da ikon tsare ta. Sai ya tambayi magatakardansa nisan Tungar Wada. Shi kuwa ya lissafa ta hanyar mota, a bi ta Isa, a faɗa Shinkafi, a yi kudu, sannan a kewayo gulbi a dawo, ya ce ya zarce iyaka. Alhassan ya sunkuyar da kai. Jamilatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗanmusa ya matse mani hannu. Jibrilla, na ci shari'a, alƙali har ya ɗauki alƙalami.

Sai magatakardan nan ya ƙara da cewa ai babu wata hanya zuwa Tungar Wada sai wannan, kuma ba a taɓa yin wata ba. Yaron da anka haifa bayan zuwan mota! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ƙarya ne, Allah Ya gafarta malam. Shekara ashirin da ɗoriya ina kora jakai da kanwa da gishiri ta tsohuwar hanya, ni da ubana kafin ni. A fita Tsamaye da asuba, a sha ruwa Rijiyar Makafi, a bar Tozai a hannun hagu, a yi azahar gindin Tsamiyar Kura, a kwana Bafarawa. Wanshekare a ratsa Fakon Kanwa, a ƙetare gulbi a Mashayar Tani, kafin la'asar kana cikin Tungar Wada kana sauke kaya. Kwana biyu ne, ba ma cikakku ba. Ɗanmusa yana jan rigata har ta kusa yagewa, ni kuwa ina ta jero su, har da inda kakanka ya taɓa binne jakinsa.

Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ya ce, Baba, ka san abin da kake faɗi kuwa? Na ce na fi kowa sani a ɗakin nan. Ya tambaya ko hanyar tana biyuwa har yanzu, na ce Fulani na bin ta da shanu duk rani. Ya juya ga Ɗanmusa ya nemi shaidarsa. Tsohon ya dubi rufin ɗaki, sannan ya ce gaskiya ce, sai dai wanda ya faɗe ta ba shi da hankali. Har ɗan sandan kotu sai da ya yi dariya. Nan take alƙali ya yanke cewa nisan bai kai ba, Jamilatu ta tafi da ɗiyarta. Ya gindaya mata sharaɗin cewa ba za ta hana kowa daga cikinmu ganin yarinya ba, in kuwa za ta ƙara gaba daga can, ko ta yi aure, sai an dawo gabansa. A hanyar komawa Ɗanmusa bai bar ni na huta ba. Ya ce ya ga mai kayar da abokin gaba, ya ga wanda abokin gaba ya kayar, amma mai kama ƙafar kansa ya fyaɗa da ƙasa sai a kaina.

Yanzu mutanen gari sun rabu biyu. Wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa da gangan na yi. Ban yi da gangan ba, ka san ni, ba ni iya jin an shafe hanyar ubana da baki in yi shiru. Amma ba ni ɓoye maka wani abu. Kwana kaɗan kafin shari'ar na iske Uwa bayan gari tare da mata, suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙwayar da ke ciki. Awarwaron da ka aiko mata, wanda da ƙyar ya shiga hannunta, ya zame har gwiwar hannu. Ta nuna mani ɗan abin da ta tara cikin marfin kwano, ta ce kunu za a dama mani da shi. A Tungar Wada an ce akwai rogo da dankali. Ban san abin da ya miƙar da ni gaban alƙali ba. Allah Shi ya sani.

Ranar kasuwa sunka tafi. Jamilatu ta zo ta durƙusa ta nemi gafara, na ce ba ta yi mani kome ba. Uwa kuwa ta ce kada in damu, tsoho mai gardama, ta san hanyar gida. Sai ta shiga jero mani zangunan nan da nake koya mata tun tana koyon magana, amma daga ƙarshe ta faro: Mashayar Tani, Fakon Kanwa, Bafarawa, Tsamiyar Kura, har ta iso Rijiyar Makafi. Ban taɓa koya mata su ta baya ba. Tun ranar, in hantsi ya yi sai in ga na matsa gefen tabarma na bar mata wurinta. Sunayen kakanni bakwai da iyakokin gonakinmu suna nan cikin bakina, babu mai tambaya. Kande ta ce ina magana ni kaɗai. Ba ni kaɗai ba ne, bita nake yi.

Abin da nake so gare ka, kada ka aiko takardar tayar da shari'a. An gaya mani kana da wannan ikon in ka zo ɗaukarta zuwa inda kake. Kada ka yi. Yarinya tana wurin uwarta, tana cin abinci. In kana son ganinta, ka zo gida mu tafi tare, in nuna maka hanyar, don kai ma ba ka san ta ba, laifina ne kuwa.

Ka gaishe da maigidanka Alhaji Abu, ka yi masa godiya bisa riƙon da yake maka. Ka gaishe da Amiru ɗan Labbo, ka ce mutanensu sun yi Gusau lafiya. Kande tana gaishe ka, ta ce ko goro ɗaya ka tuna da ita. Ɗanmusa na gaishe ka, Halliru ma haka.

Ni dai ba ni jiran damina. Bayan Juma'a za ni ɗauki sandata da gorar ruwa in bi tsohuwar hanya, in je in ga uwata. Na faɗa gaban shari'a kwana biyu ne, kuma kwana biyu ne. In ka ji ƙafafun nan sun yi kwana huɗu, kada maganar ta kai kunnen alƙali.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Mamman Na-Tsamaye.