Hayaƙi a Filin Natham

Litinin, 3 ga Yuni, 1996
Mun dawo daga Tiruppur, ni da 'yata Thenmozhi. Shanu muka tarar a ɗakinmu, an cire jinkar. Aikin Sengodan ne, yayan marigayi mijina. Ko kunya babu, wai: "Ƙanwata, natham na mai zaune a kansa ne. Ke ina hayaƙinki?" Na ce, "Yaya, shanunka ne ke girki?" Allah ya sa su tattake shi.

Alhamis, 6 ga Yuni
Jami'in ƙauye ya ce haka dokar take. Natham filin gidaje ne, wanda masu awon fili suka tarar yana zaune, shi za a ba takarda. Ƙarshen wata za su zo. In na rasa nan, ina zan kai yarinya?

Asabar, 8
Na kori shanun, na kafa buhunan wofi a madadin jinka, na hura wuta. Thenmozhi tana tari. Tsoro nake ji.

Talata, 11 ga Yuni
Na samu! Sabon gidan ɗan Sengodan a bakin tafki yake, kan poramboke, ƙasar gwamnati da ba a mallaka. Kalma ɗaya ga masu awo, sai rusau. Da girmana na koyi rubutu, amma wannan kalmar na rubuta ta a bango da gawayi, ban yi kuskure ba. Ina son in ga Sengodan yana tsintar bulo.

Laraba, 19
Matar Sengodan ta wuce: "Uwar buhu, an tashi lafiya?" Yi dariyarki, Yaya.

Asabar, 29 ga Yuni
Ruwa tun asuba, itace ya jiƙe sharkaf, ashana ta ƙi. Ga masu awo a kan layi. Sai ga Valarmathi, matar ɗan Sengodan, da tsohon cikinta, ta biyo ta bayan shinge da garwashi a kasko. "Inna, yi maza, kada Baba ya ganni." Hayaƙi ya tashi. Suka auna, suka rubuta sunana.

Babbansu ya ce, "Baiwar Allah, akwai wani ƙorafi?" Na ce babu.

Lahadi, 30
Ba yafewa na yi ba. Tafkin yana nan, bakina yana nan, ko yaushe zan iya faɗa. Bari dai Valarmathi ta haihu tukuna. Thenmozhi ta mayar mata da kaskon. Na sa ɗan idli, wainar shinkafa, a ciki, don ba a mayar da kwano wayam.