Ban Kira Sunanka a Tashar Tasawa Ba

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri zuwa gare ka, ɗana na fari, a duk ƙasar da kake. Ina fata wannan takarda ta iske ka lafiya. Mu a nan gida sai godiyar Allah.

Ka san ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba. Mushe Ila, malamin makarantar nan da ya koyar da Ingilishi a Tasawa har ya aje aiki, shi ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na ce kada ya gyara mini magana. Ya ce zai sa ta a salula inda jama'a ke karantawa. To, su karanta.

Shekara tara ke nan ina da ƙara, ban samu mai saurare ba. Tun da ka yi arewa, babu mutum guda da ya zauna bisa tabarmata ya ce ya gaisa da kai hannu da hannu. Kowa sai hange. Wani ɗan Urafan ya ce ya hango ka a Agadas kana ɗaukar bulo. Wani direba ya ce ya hango mai kama da kai a Libiya, bakin wani masallaci. In na ce, to, ka matsa kusa? Sai a ce mota na tafiya, ko rana ta yi. Kullum da abin da ke tafiya.

Bara waccan wani ofishi na masu neman waɗanda suka ɓata ya aiko da takarda cikin Ingilishi. Na ɗaura jaki a amalanke, na kai wa Mushe har gida. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce Ingilishi na da hanyoyi da yawa na faɗin yadda ido ya faɗa kan mutum: akwai na wanda ya tsinto ka cikin taro, akwai na wanda ya ga gilmawarka kawai. Ya ce taka takardar ta gilmawa ce. Na ce masa mutanen da suka zauna suka rarraba hange gida-gida haka, me ya hana su samo mini mutum guda da ya tsaya ya tambaye ka lafiya? Har yau yana cewa na cika rigima. Ya rubuta wannan ma.

Yanzu ga abin da ya sa nake maka magana. Babanka ƙarami Hamisu ya kawo mini liman har zaure. Suna so ranar Juma'a a yi maka sallar ga'ibi, irin wadda ake wa mamacin da ba a samu gawarsa ba, a dama gumba a yi sadaka, a rufe zancenka. Sau uku ina korar wannan magana. Wannan karon liman bai yi gardama da ni ba. Cewa ya yi, in ka rasu, to ni ne na hana ka sallah shekara da shekaru. Tun ranar tuwo ba ya wuce mini. Na ce su ba ni zuwa Juma'a.

Suna cewa taurin kai ne. Akwai shi, ban musa ba. Amma akwai abin da ba su sani ba.

Ka tuna shekarar da hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba. Ka same ni bakin rumbu ka ce za ka tafi nema. Na ce duk wanda ya bar gandu ba sai ya yi mini sallama ba. Ban ɗauka za ka riƙe maganar ba. Ashe halina ka ɗauko kaf.

Kwana biyu da fitarka, ranar kasuwar Tasawa, na kai wake. Na biyo ta tasha, sai na hango ka. Kana bisa babbar mota, kan buhuna, ka ba ni baya. Ba sai an gaya mini ba. Na san wannan ƙeya tun tana goye, na san tabon da kwashen noma ya yi maka bayan kunne. Buhun da ka zuba kayanka ma nawa ne, wanda na ɗinke bakinsa da jan zare.

Motar a tsaye take. Ta daɗe a tsaye, ana ɗaure jarkoki. Tsakanina da kai bai kai daga zaurenmu zuwa rijiya ba. Na laɓe bayan rumfar mai gyaɗa, ina cewa a raina kai ne yaro, kai za ka waiwayo.

Sai aka tada mota. Wallahi fushin nan ya zube kamar ba a taɓa yin sa ba, na fito da gudu. Ƙafa ba za ta cim maka ba, sai murya. Na buɗe baki, sunanka ya ƙi fita.

Masu karantawa na birni za su yi dariya. Mu haka muka tarar: uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Shekara ashirin da shida ban taɓa ɗora sunanka a harshena ba. Yaron nan nake cewa, ko wancan, ko in yi gyaran murya ka taso. A tsakiyar tasha, ga mutanen garinmu sun zo cin kasuwa, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce kai! Kai! Mutum ya fi ashirin da suka waiwayo daga kan motar, kowa na tsammani da shi nake. Kai kaɗai ba ka waiwayo ba. Motar ta hau hanyar Damagaram.

Na koma gida da waken. Innarka ta tambayi kasuwa, na ce ba ta ci ba.

Ita ma ba ta faɗin sunanka, amma ita tana da wayo. Takan kira ɗan maƙwabta mai sunanka ta aike shi abin da ba ta buƙata, don kawai a ambaci sunan a gidan ta ji. A ciwonta na ƙarshe ta ce abin da ke cin ranta shi ne ka tafi babu idon naka ko ɗaya da ya raka ka. Ina zaune gefenta. An rufe ta ba ta san na gan ka ba. Wannan ba laifinka ba ne, ba na Hamisu ba ne.

Shi ya sa nake faɗa da masu hange. Duk wanda ya ce mini ya hango ka bai matsa ba, kaina nake ji yana ba ni labari.

Gamanarka, 'yar gonar da na yanka maka, tana nan, ban ba kowa ba, ni nake nome ta ko da rabi ne. Sai dai idona ya fara yana. Da safe nakan zauna bakin hanyar Maijirgi, duk mai tahowa da kaya a kafaɗa sai na miƙe. Bana ba na rabe namiji da mace sai sun yi sallama. In ka ƙara jinkiri, ko ta gabana ka wuce ba zan gane ka ba.

Ɗana, in kana raye, Allah Ya tsare ka, Ya sanyaya zuciyarka a kaina. Ba na son ko dala taka. In kuma ka riga mu, Allah Ya ji ƙanka, Ya haɗa ka da innarka, Ya yafe mini sallar da na tsare maka. Amin.

Ku kuma masu karantawa, direbobi da 'yan ci-rani da masu ofis, kada wanda ya ƙara zo mini da hange. Wanda ya zauna da shi, ko ya tsaya a kan kabarinsa, ya yi wa Allah ya gaya wa Mushe kafin Juma'a. In ba haka ba, da ƙafata zan shiga sahu in sallaci mutumin da ban sani ba ko yana wani wuri yana cin tuwo.

Ni ne mahaifinka, tsohon da ka bari bakin rumbu.

Mushe ya ce takarda ba ta isa wurin mai ita in babu suna, ya ce bari ya rubuta da kansa tunda ya san shi. Na ce a'a, sai ya ji daga bakina.

Isufu.

Isufu, ga shi na kira ka gaban kowa. Ka amsa mini.