Na Fara Ramewa, Maigida Ya Ce A Fasa Tiyata

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na kai wa kukana sai ya ce in yi haƙuri, ya rufe zancen.

Ni tela ce, 'ya'yana uku. Tun haihuwar autana jiki ya buɗe ya ƙi komawa. Aikin namu kuwa zama ne tun safe a bakin keke, ƙafa ɗaya ce ke motsi, ita ma da na koma keken lantarki sai ta samu hutu. Ni da nake auna mutane, sai da na haɗa tef biyu na auna ƙuguna. Masu kawo ɗinki suna tsokanata ina dariya, amma in almakashi ya faɗi, sai na dafa teburin yanka nake iya miƙewa. Ga suga, ga hawan jini, ga gwiwa kamar an zuba mata yashi. Babu shayin rage ƙiba da ban sha ba.

Daga ƙarshe likita ya ce a yi min tiyatar rage tumbi, amma sai jikina ya saba da motsi tukuna. Suka sa min manhaja a waya, suka ɗaura min agogo mai ƙirga taku, suka haɗa ni da wata ma'aikaciyarsu mai horarwa, Koci nake ce mata. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani. Kullum da safe takan duba abin da agogon ya nuna, ta turo min saƙo da aikin ranar. Ranar farko ko ƙarshen layinmu ban kai ba na zube a dakalin wani gida ina haki, masu wankin mota suna kallona. Na aika mata cikin kuka cewa na daina. Ta ce ba komai, gobe in kai dakalin nan in ƙara gida ɗaya.

A haka a haka, Anti, har na fara zuwa shago da ƙafa. Zoben da ya nutse min a yatsa ya fara juyawa. Maigidana kuwa, Allah ya saka masa da alheri, shi ke biyo ni a hankali da babur da gorar ruwa, ko zan gaji a hanya.

To ga inda gizo ke saƙar. Yayarsa da ta raine shi, tiyata aka shiga da ita, ba ta farka ba. Da aka fara maganar tawa bai hana ba. Yanzu da ya ga na ɗan faɗa, sai ya samu abin kamawa: tunda tafiya tana yi, me zai kai mu ga wuƙa? Ya kai wa mahaifiyata zancen, ita ma ta ce kada in kai kaina inda Allah bai kai ni ba. Duk yabon da Koci ta yi min sai ya zama hujja a hannunsu, har na ji na tsani tafiyar. Na cire agogon na jefa a kwandon ƙyallaye. Saƙonninta suna ta shigowa, ban buɗe ba. Asibiti sun kira, wai in ba su ga motsi ba, za su ɗage ranar tiyatar.

Na san jikina, na sha ramewa ya dawo da riba. Ni ma ina tsoron tiyatar, amma na fi tsoron abin da suga ya yi wa babana, sai da aka yanke masa ƙafa. In bi mijina ne, ko in bi likita?

Taki, Mai Keken Ɗinki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari. Daga wancan dakalin zuwa ƙofar shagonki ba ƙaramar tafiya ba ce, kuma da ƙafarki kika yi ta, ba da ta waya ba.

Bari in fara da naki, don shi ya fi sauƙin gyara. Kin yi haushin kaza huce kan dami: maigida ya ɓata miki, gwiwarki da zuciyarki suke biya. Tafiyar nan ba jarrabawa ba ce da in kin ci za a yafe miki tiyata. Shiri ne, don zuciya da huhu su yi ƙarfin ɗaukar aikin, ki kuma tashi da wuri bayansa. Wato abin da kika ajiye shi ne ke rage haɗarin da mijinki yake tsoro. Ki tono agogon nan yau, ki buɗe saƙonnin Koci, ki gaya mata gaskiya yadda kika gaya min. Ba ke ce ta farko da ta taɓa ɓace mata ba.

Shi kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma tambayarsa tana kan hanya: tiyata ba wasa ba ce, tana da haɗari, bayanta ma akwai dokar cin abinci da zuwa asibiti na tsawon lokaci. Sai dai amsar ba a bakinki take ba, ba a bakin Mama ba, ba kuma a nawa ba. Ki roƙe shi ya raka ki ganin likita na gaba. Ku nemi a haɗa ku har da likitan da ke sa barci, maigida ya ba shi labarin yayarsa, ya yi duk tambayar da ke cinsa. Ku tambaya ƙarara: da wannan ramar, har yanzu ana bukatar aikin? In sun ce a jinkirta, kin ci riba. In sun ce a yi, ya ji da kunnensa, kuma shi zai fi ki iya lallashin Mama. Daga nan sai ki nemi zaɓin Allah ki yanke, don jikin naki ne.

Abu ɗaya ya rage. Kin san tsoronsa ciki da bai. Shi ya san naki? Ki zaunar da shi cikin natsuwa, ki gaya masa cewa kamar yadda yake gudun rasa ki a ɗakin tiyata, haka kike gudun ya rasa ki a hankali a cikin gida.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar maigida, ya zaɓa muku mafi alheri.

Antinku