Mai Keke a Bakin Ƙofar Majema

Challawa, Kano, 1983

Yaya Rakiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Aikin kamfanin fata dai sai godiya, sai dai ruwan jima ya fara cin hannuwana, ga tari.

Idi maigadi ya ce wani dattijo mai keke yana zuwa da tsakar rana, alli duk a hannun rigarsa. Ba ya shigowa. Tambayarsa ɗaya ce: "Me ya hana Muntari zuwa?" Na san Malam Gwadabe ne, malaminmu na firamare. Ki ba shi haƙuri, kunyar fitowa nake.

Ƙaninki,
Muntari

*

Muntari ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Malam ya rasu tun kafin azumi. Da ni aka yi zaman makokinsa, kekensa kuma yana jingine a zaurensu, tayoyin sun sace.

Ka tuna halinsa. Bai taɓa dukan wanda ya yi fashi ba. Keke yake hawa ya bi yaro har gida, ko gona, ko kasuwa, kuma ba ya fasa zuwa sai ya ga yaro a kan benci. Shi ya nemo maka gurbi a kwalejin horon malamai, ka bari ka tafi jima. Gurbin yana nan zuwa ƙarshen wata. Kanka yana ja, Muntari, ƙirjinka kuma guda ɗaya ne. Don Allah ka dawo.

Yayarka,
Rakiya

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Idi takardarki, ya ce, "Kai, raba ni da wasa! Jiya ma har ruwan alwala na ba shi." Yau da aka busa jiniyar cin abinci, na ji ƙararrawar keke a bayana, cikin ɗakin jima. Ban waiwaya ba.

Muntari

*

Yaya,

Na ajiye aiki, ina tafe ranar Asabar. Idi ya ce Malam ya sake zuwa, shi kuma ya gaya masa zan koma makaranta. Wai ya yi murmushi, ya ce madalla. Sannan ya juya kekensa, ya tambayi hanyar Bompai, masaƙar da Lawan ɗan ajinmu yake aiki tun da ya bar karatu.

Ki huta lafiya.
Muntari