Fuskoki Sittin da Aka Sauya wa Suna

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya ƙarfin jiki?

Malama, na yi ɓarna. Hotunan fuskoki sittin da kika nuna mini inda ake saukewa kyauta, na gama gwada mutum arba'in da su: a nuna wa mutum fuska, ya danna fushi ko fara'a, kwamfuta ta auna saurinsa. To, tun farko sunayen hotunan ba su yi mini ba, lambobi da haruffa a cakuɗe, sai na mayar da su ɗaya zuwa sittin yadda na ga dama. Yau na buɗe jadawalin da masu haɗa hotunan suka fitar, mai nuna ƙarfin fushin kowace fuska, ashe da tsoffin sunayen yake aiki. Ban san wace ce wace ba. Saura mako uku in miƙa kundina. In sake gwajin daga farko?

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki

'Yata, uwar tsafta,

Wa'alaikumus salam. Jiki da sauƙi, har na fara taka bene.

Na yi dariya, ki yafe mini. Ke da kike jera alƙaluma bisa tsawo, ai na san za a rina. Kada ki sake kiran kowa gwaji. Amsa mini abu ɗaya a ranki: kin yanke hotunan, ko kin rage haskensu? In suna kawai kika taɓa, aikinki na nan daram. Ki sake sauke su a wata jaka daban cikin kwamfutarki. Kowane hoto yana da nauyinsa, wato yawan wurin da yake ci a kwamfuta, kuma sauya suna ba ya taɓa shi. Ki jera tsoffi da sababbi bisa nauyi, kowanne zai tsaya kusa da ɗan'uwansa. Ki rubuta sunayen biyu gefe da gefe, ki kuma faɗi abin da ya faru a kundin, ba abin kunya ba ne. Ki ci abinci kafin ki fara.

Allah ya yi miki albarka.
Malamarki

Malama,

Barka da war haka. Suna kawai na taɓa. Hamsin da takwas sun haɗu nan take. Biyu nauyinsu ɗaya, na raba su da ido: wani tsoho mai harara da wata mai murmushi.

Ɗazu a ɗakin gwaji na iske ƙawata ta sauke sautukan kukan jarirai, tana cewa sunayen sun yi muni. Na riƙe mata hannu kafin ta sauya su.

Na gode ƙwarai.
Ɗalibarki