Mun Hau Dutsen Kurciya da Baba

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ruwan Fatakwal? Ya jikin Ummi, ta warware? Mu nan Birnin Gwari ƙalau muke.

Yaya, albishirinki! Ranar Asabar mun hau Dutsen Kurciya, wanda ke bayan ƙauyenmu. Tun da muka gudo gari ba mu ƙara taka wurin ba. Da hanya ta lafa, Baba ya dage sai ya hango gonarsa da idonsa. Na ce, "Baba, gwiwarka fa?" Ya ce, "Kai dai riƙe gorar ruwa."

Mun sha wuya. Ciyawa ta cinye hanya, ga santsin dutse. Amma da muka kai ƙololuwa, kai Yaya! Daji kore shar har iyakar ganinka, ga iska mai sanyi. Can ƙasa sai ga hayaƙi yana tashi daga gidan maƙwabcinmu Malam Audu. Gabana ya faɗi, na ɗauka wuta aka sa. Baba ya ƙura ido, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Wannan hayaƙin tuwo ne, Nasiru! Sun dawo!"

Tun a kan dutsen ya fara maganar irin da zai shuka. Ya ce damina mai zuwa a gida za ta same mu.

Ki taya mu addu'a, Allah ya ɗorar da zaman lafiyar nan. Inna tana gaishe ki. A gaida min su Ummi.

Ƙaninki,
Nasiru